DIGIRIN AIKIN JARIDA: NAWA NE KUƊINSA A KASUWA?

Duk ɗalibin da ke karatu a Sashen Koyar da Aikin Jarida, wato abin nan da muke kira Maskom a tsakaninmu, ya san wata tambaya da ke jiransa a gida duk lokacin da aka yi hutu. Da ya gama gaishe-gaishe ya sami wuri ya zauna, sai wani kawu ko baffa ya gyara zama ya ce, "To, ɗana, shi wannan karatu naka in an gama me ake zama?" Ɗalibin likitanci ba ya shan wannan tambaya, tun yana aji ɗaya ake ce masa Dakta a unguwa. Mai karatun shari'a ma haka. Shi kuwa namu sai ya shiga kame-kame: ana zama ɗan jarida, ana zama jami'in hulɗa da jama'a, ana shiga harkar talla, kai, babu ma inda ba a shiga. Kawu ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce "Allah ya taimaka" da irin muryar da ake yi wa majiyyaci sannu.

Na sha jin abokanmu suna ƙorafi a kan wannan tambaya, wai jahilci ne ke sa a yi ta, wai mutanen gida ba su san darajar ilimi ba. To ni ina bayan kawu. Mutumin da ya sayar da rago ko buhunan masara ya biya kuɗin rajista yana da haƙƙin ya tambayi abin da zai dawo. Don haka zan yi ƙoƙarin amsa masa a nan, ko da yake na san amsar ba za ta yi wa malamanmu daɗi ba, ba kuma za ta yi wa 'yan wannan ƙungiya tamu daɗi ba. Amsar ita ce takardar digirin nan, ita kaɗai, arha gare ta a kasuwa, abin da zai sa ta yi tsada kuwa yana bakinmu tun muna goye, amma kullum a ƙofar aji muke ajiye shi kamar takalmi.

Bari mu fara da lissafi, tun da maganar kuɗi ake yi. Karatun shekara huɗu ne a takarda. Amma wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 ya san huɗun nan ta takarda ce kawai, domin yajin aikin malamai na 2020 ya ci wata 9, na 2022 kuma ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Wannan duk abin da ke fita daga aljihu ke nan. Akwai kuma abin da ba ya shigowa, wanda mutane ba su cika lissafawa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne. Saurayin da ya zauna a aji wata 48 maimakon ya kama aiki mafi ƙasƙanci, ya bar Naira 3,360,000 ke nan a kan hanya. Idan kuwa ya ci bashin karatu na asusun nan da aka kafa da dokar 2024, to, gaskiya ne babu ruwa a kai, amma bashi ne, shekara biyu bayan ya gama yi wa ƙasa hidima za a fara neman kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma gara mutum ya san da me zai biya.

To, me ke dawowa? A nan ne ya kamata mu fahimci dalilin da ya sa wata takardar digiri ta fi wata tsada, domin ba wahalar karatu ce kaɗai ke sa farashi ba. Abin da ke sa takarda tsada shi ne katanga. Ba mai buɗe asibiti ya duba marasa lafiya sai hukumar likitoci ta yi masa rajista. Ba mai tsayawa gaban alƙali da baƙar riga sai ya bi ta Makarantar Horas da Lauyoyi. Mai haɗa magunguna da injiniya kowanne yana da hukumar da ke tsare masa ƙofa. Takardarsu mabuɗi ce, wanda ba shi da ita yana waje. Aikin jarida kuwa fili ne fetal. Wanda ya karanta tarihi ya shigo, wanda ya karanta kimiyyar noma ya shigo, wanda ya tsaya a sakandare amma Allah ya ba shi murya da ƙarfin hali ya shigo, yau kuma ga duk mai wayar hannu da shafin Facebook. Mabuɗin da kowa ke iya shiga ɗaki ba tare da shi ba, nawa za a saye shi?

Kada wani ya ɗauka ina kira ne a gina katangar. Na ji wasu ɗalibai suna cewa a yi doka a hana kowa aikin jarida sai mai digirin Maskom. Wannan gurguwar shawara ce, mai yin ta bai karanta tarihin sana'ar da yake koyo ba. Duk ƙofar da aka sa wa aikin jarida, mabuɗinta a aljihun gwamnati zai kwana. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda saboda labarin da suka buga. Wannan fa a lokacin da babu lasisin da za a ƙwace ke nan, ina ga an ba hukuma ikon cewa wane ɗan jarida ne, wane ba shi ba ne? Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, bai ce sai mai digiri ba. Haka ya dace, sai dai mu yarda cewa 'yancin nan shi ne ya karya farashin takardarmu.

Kuma tun asali haka sana'ar take. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, editanta Malam Abubakar Imam malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina. Babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya a lokacin, balle sashen jarida. Sai a 1961 aka fara koyar da aikin a matakin jami'a a Nsukka, Legas ta biyo baya. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya tashi a 1962, New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairun 1966. Akasarin waɗanda suka ɗauki waɗannan wurare a kafaɗa a bakin aiki suka koya. Abin da suka shigo da shi harshe ne mai kaifi da sanin jama'arsu.

Yanzu mu leƙa kasuwar da ɗalibinmu zai faɗa. A da, gidajen rediyo da talabijin duka na gwamnati ne, kaɗan ne amma albashi yana zuwa, akwai fansho. Daga 1992, da aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, yau kuwa ka murɗa akwatin rediyo a Kano ko Kaduna ka ji tashoshi sun yi cincirindo kamar rumfunan Kantin Kwari. Mai kallo daga nesa sai ya ce aiki ya samu. Amma tashoshin sun ƙaru ne alhali kuɗin tallar da za su raba bai ƙaru daidai da su ba, wani babban kaso ma ya koma wa Google da Facebook. Tashar da ba ta da talla kuwa da me za ta biya ma'aikaci? Kowa a cikinmu ya san wani yaya ko wata yaya da aka ɗauka aiki "na gwaji" shekara ta zagayo ba a gama gwajin ba. Kowa ya san wanda alawus ɗinsa na hidimar ƙasa, wanda ya koma Naira 77,000 a 2025, ya fi abin da aka yi masa tayi bayan ya gama. Akwai ma masu gidajen da ke miƙa wa yaro katin shaidar aiki su nuna masa cewa gonarsa ke nan, ya je ya noma. Daga nan 'yar ambulan ɗin nan ta bayan taron manema labarai ke samo asali, wadda ake sakaya sunanta a ce na mota ne ko na goro. Muna zagin mai karɓa a aji, a darasin ɗa'ar aiki, amma ban cika jin an zagi wanda ya riƙe masa albashin wata shida ba.

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta ƙidaya cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridu sun ragu da kashi 57 cikin 100 tsakanin 2008 da 2020. A Ostareliya kuwa gwamnati ta fito ƙarara a 2020 ta ninka kuɗin karatun sadarwa da wasu darussan zamantakewa fiye da sau biyu, don ta kora ɗalibai zuwa fannonin da take ganin sun fi samar da aiki. Mu a nan maganin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta kawo a 2020 shi ne ta sanar da raba Maskom gida bakwai: jarida daban, watsa shirye-shirye daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, fim daban, da sauransu. Ban ce babu hikima a ciki ba, ƙwarewa a abu guda ta fi ɗanɗana komai. Amma an ƙara yawan akussa ne, tuwon yana nan yadda yake.

To, ɗan'uwa mai karatu, in haka ne sai mu tattara littattafai mu koma gida? A'a. A nan ne nake rabuwa da masu cewa Maskom karatun surutu ne. Akwai kuɗi a harkar watsa labarai a Arewa, sai dai mu tambayi kanmu da wane harshe ake samunsa.

Ka zauna ka lissafa wuraren da ɗan Arewa ke mafarkin aiki. Sashen Hausa na BBC, na Jamus, na Faransa wanda ya fara a 2007, na Turkiyya. Tashar Arewa24 da ta buɗe a 2014 tana watsa shirye-shiryenta da Hausa dare da rana. Jaridar Aminiya. Gidajen rediyon jihohi da masu zaman kansu, waɗanda shirye-shiryen da suka fi kawo musu talla, na siyasa da na ƙorafin jama'a, da Hausa ake yin su. Masana'antar fim ta Kano, wadda ta taso tun daga Turmin Danya a 1990 har ta kai ga fina-finai masu dogon zango a YouTube. Masu fassara fina-finan Indiya. Ƙungiyoyin lafiya da na agaji masu neman wanda zai mayar musu da saƙon rigakafi ko na tsabtar ruwa cikin maganar da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta yarda. Kamfanonin waya da bankuna masu son talla ta shiga kunnen ɗan kasuwa. 'Yan siyasa, waɗanda ko sun yi digiri uku a Ingila, ranar neman ƙuri'a da Hausa suke roƙo. Duk wannan kasuwa ce, kuma kasuwa ce mai katanga, katangar da ba gwamnati ce ta gina ba. Ɗalibin Legas ko na Landan, komai kyan takardarsa, ba zai iya tsallake ta ba. A fagen Ingilishi ɗalibinmu yana takara da dubban waɗanda suka tashi da harshen a gidajensu. A fagen Hausa kuwa shi ne ɗan gida.

Amma me muke yi? Shekara huɗu ana koya wa yaro rubuta labari da Ingilishi, ya haddace sunayen Turawan da suka ƙago ra'ayoyin sadarwa, ya rubuta kundin kammala karatu da Ingilishi a kan tasirin rediyo ga manoman da bai taɓa yi musu shiri ko na minti biyar ba. Hausa in ta shigo, 'yar rakiya ce, kwas ɗin cike gurbi. Dalili kuwa wai ai kowa ya iya Hausa. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace cutar da mu. Jin Hausa daban, aiki da ita daban. Bature ma yana jin Ingilishi tun yana jariri, amma bai hana a zaunar da shi a koya masa rubuta labari da shi ba.

Sakamakon yana kunnuwanmu kullum. Ka ji mai karanta labarai yana cewa "a ƙarshen rana" inda Bahaushe zai ce daga ƙarshe. Ka ji jimla ta taso da kai irin na Ingilishi, ta yi ta jan ƙafa, har a kai ƙarshenta mai sauraro bai san wa ya yi wa wani me ba. A rubuce abin ya fi muni. Ba a bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, ko ƙafa da kafa, a raba "yana" gida biyu, a haɗe "shi ne" wuri guda. Alhali tun 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, aka zauna a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980, duk don daidaita wannan rubutu. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito tun 2006, ɗalibai nawa ne a sashen jarida suka taɓa buɗe shi? Ka ba mai digiri jawabin kasafin kuɗi ka ce ya mayar da shi Hausa cikin rabin sa'a, ya bayyana giɓin kasafi da hauhawar farashi da kuɗin ruwa yadda mai shayi zai gane, ka ga gumi. Irin wannan gwaji kuwa shi ake yi wa mai neman aiki a duk gidan da ke biyan albashin kirki. A wannan ɗaki ba a tambayar ko ka fita da daraja ta ɗaya.

Kada 'yan Sashen Hausa da 'yan wannan ƙungiya su yi murmushi, domin laifin rabi namu ne. Mun iya feɗe waƙa, mun san karin magana da salon sarrafa harshe, muna iya kwana muna gardama a kan asalin kalma guda. Amma mu nawa ne za su iya zuwa kotu su saurari shari'a su dawo su rubuta abin da ya faru cikin sakin layi huɗu ba tare da sun jawo wa edita ƙara ba? Mu nawa ne suka san yadda ake tabbatar da labari daga majiya biyu, ko yadda ake yanka murya a kwamfuta? Su suna da sana'a babu harshe, mu muna da harshe babu sana'a, sassan biyu kuma sau da yawa tafiyar minti biyar ce tsakaninsu, amma kamar akwai kogi. Kowa ya ja tabarmarsa gefe, kasuwa tana ci a tsakiya.

Na san abin da wasu malamai za su ce: jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce, ilimi ba haja ba ne da za a auna da mudu. Na yarda akwai abin da digirin ke bayarwa wanda ba ya shiga lissafin Naira. Wanda ya san dokar ɓata suna da tarihin sana'arsa da yadda farfaganda ke aiki ya fi wanda bai sani ba, kuma ƙasa tana bukatarsa. Takardar kuma tana buɗe ƙofar aikin gwamnati a mataki na 8 kamar kowane digiri, ba a raina wannan. Amma mai wannan magana yana da albashi a ƙarshen wata, ko da ya makara. Bai kamata mai ƙoshi ya yi wa mai yunwa wa'azin falalar azumi ba. Kuma ina saɓanin yake? Koya wa ɗalibi ya yi tunani mai zurfi da harshen da mutanensa ke ji, wannan rage darajar jami'a ne?

Wasu kuma za su ce ai kasuwar Hausar ma ba tabbas gare ta ba. Gaskiya ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin ma'aikatan Muryar Amurka da umarni guda, sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85. Wanda ya jingina da tashar waje ya jingina ne da bangon da wani ke iya rushewa daga nesa. Amma ku lura da abin da ya tafi da abin da ya saura. Tasha ce ta yi shiru, miliyoyin masu sauraro daga Kano zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Garwa, suna nan da kunnuwansu, kuma wani zai yi musu magana. Wanda ya iya yi musu ita yana ɗauke da jarinsa duk inda ya koma, ko da tashar da zai buɗe ba ta wuce wayarsa ba.

Abin da nake nema bai kai a kafa kwamiti ba. A wajabta wa duk ɗalibin jarida a jami'o'in Arewa rubuta labari da fassara da gabatar da shiri cikin Hausa, ko Kanuri ko Fulatanci ko Tibi ga mai jin su, tun daga aji ɗaya har ya fita, a kuma ba shi maki mai nauyi daidai da na Ingilishi. Malaman Hausa su koyar da ɓangaren harshe, na jarida su koyar da na sana'a, a aji guda. A bar wanda ya so ya gabatar da shirin rediyo ko jerin rahotanni a madadin kundin nan da ƙura ke ci a kabad. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa, wadda ta haura shekara 70 tun kafa ta a 1955, ta riƙa buga sunayen gidajen da ba sa biyan albashi, sassanmu kuma su daina tura musu ɗalibai aikin koyo kyauta.

Sa'an nan kowane sashe ya yi abin da yake koya mana, wato bincike. A ɗauki ajin da ya fita shekara biyar da suka wuce, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne ke aikin da suka karanta, nawa ne ke koyarwa a firamare ko sayar da data, nawa ake biyan masu aikin, kuma da wane harshe suke yinsa? A liƙa sakamakon a allon sanarwa inda sabon ɗalibi zai gani kafin ya biya kuɗin rajista. Duk shugaban sashen da ke ganin na yi wa digirinsa ƙazafi, ya kawo wannan lissafi, na tabbata edita zai ba shi fili a fitowa ta gaba, ni kuma zan kai wa kawu da hannuna.